Ɓarin Goron Alhaji Tanimu

Ɗanladi, yau kunyar ɗan fari sai ta yi haƙuri, domin zan kira sunanka, kuma ba sau ɗaya ba. Wannan babin naka ne, ko da yake Talatu da Auta su ma su karanta. Na daɗe ina lura da irin gaisuwar da kake yi wa maƙwabcinmu Alhaji Tanimu in ka zo gida daga Abuja: ka sauke gilashin mota, ka ɗaga hannu, ka wuce. Mutumin da ya ɗora ka a wuya ya kai ka kallon jirgin ƙasa tun ba ka iya ɗaura wando da kanka ba. Na san abin da ke ranka. Gani kake yi shi ne ya kusa kashe babanku a shekarar da fatarsa ta yi bororo. To ni ina wurin, ni na wanke raunukan, ni na ɗaure, saboda haka ka bar ni in faɗa maka yadda aka yi tun ina da bakin faɗa.

Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Alhaji a Tudun Wada, dakali ɗaya kuma ya haɗa ƙofofinmu. Tun kafin a haife ku ake zaman dakalin nan. Alhaji ya dawo daga sallar asuba ya gama laziminsa, babanku ya rufe Littafi Mai Tsarki ya gama addu'ar safe, sai su haɗu a waje, ɗaya da rediyo, ɗaya da goro a naɗe cikin ɗanyen tsumma. Alhaji ne mai ɓarewa, kullum. Ya sa farcen babban yatsa ya raba goron biyu, ya miƙa wa babanku babban ɓarin da hannunsa, sa'an nan ya yi ta mitar an cuce shi har rana ta hau katanga. Daga nan shi ya nufi rumfarsa ta kayan keke, babanku ya hau kekensa zuwa ɗakin karatun da yake aiki a unguwar Kongo. Da suka tsufa suka bar aiki, zaman sai ya ƙara tsawo. Abin da ya kamata ku gane game da Alhaji shi ne, bai iya cin abu shi kaɗai ba. Rake ne, dabino ne, tsire ne, sai ya raba. Na taɓa ganinsa da idona yana fama da alewa guda ɗaya da haƙori don kada babanku ya tashi hannu banza. Shi kuwa babanku, a iya sanina, bai taɓa mayar da hannun Alhaji ba.

Ciwon suga ma kusan tare ya kama su, har matar Alhaji, Hajiya Rabi, take cewa da gangan suka yi don kada a bar wani a baya. Maganin babanku a hannuna yake. A kan tagar ɗakina nake ajiyewa kusa da keken ɗinki, ni nake ɓallewa in ba shi, in tsaya a kansa sai ya haɗiye, don na san halinsa. Da wani ya tambaye ni a lokacin, da na rantse babu abin da ke shiga bakin mutumin nan ban sani ba.

Da ƙaiƙayi abin ya fara. Ya sosa hannu, ya sosa cinya, in ya gaji ya jingina da bakin ƙofa ya yi ta goga baya kamar akuya. Na canza sabulun wanka, na canza na wanki, na fitar da katifa rana ina zargin kuɗin cizo. A banza. Can sai jajayen tabo suka fito, bayan su kuma bororo, manya-manya, cike da ruwa tam, kai ka ce tafasasshen mai aka watsa masa. A hammata, a ciki, a cinya, a damtse. In ɗaya ya fashe sai ya bar jan nama a buɗe, riga ta manne a kai. Da safe sai na jiƙa rigar da ruwan ɗumi, in bi ta a hankali ina ɓanɓarewa, shi kuma yana ba ni labarin banza don kada in ga yana cije leɓe. Wata rana ya ce mini ai ga shi na samu abin da nake so, miji mai zama a gida. Na yi dariya a gabansa, na shiga kicin na yi kukana.

Masu ba da shawara kuwa ba su yi mana rowa ba. Wata a zumuntar matan coci ta ce ƙarambau ne ya tashi biyan bashin yarinta. Wani ya ce a yi wanka da ganyen darbejiya. Mai kemis ya ba da man shafawa kala-kala. Abin da ya fi yi wa babanku ciwo ba fatar ba ce. Ranar wata Lahadi, lokacin gaisuwar salama a coci, ya miƙa hannu sai mutumin da ke gefensa ya haɗa nasa hannuwan a ƙirji ya sunkuyar da kai. Ban ga laifinsa ba, tsoro halitta ne. Amma daga ranar babanku ya ce zai riƙa yin sujadarsa a gida. Mutum ɗaya ne bai matsa ko taƙi ɗaya ba, shi ne Alhaji. Ƙara matsowa ma ya yi. In ƙuda ya sauka a kan bandeji, da hularsa yake korewa.

Talatu ce ta matsa muka je babban asibiti wurin likitar fata. Yarinya ce, ba za ta girmi Auta ba, amma tana da natsuwar manya. Ta duba shi tun daga kai har tafin ƙafa, ta yanki 'yar mitsitsiyar fata aka kai gwaji. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu ta yi mana bayani da Hausa tsantsa. Ta ce garkuwar jiki, wadda aikinta yaƙi da cuta, ita ce ta ruɗe ta juya tana yaƙar abin da ke riƙe fatar sama da ta ƙasa, shi ya sa suke rabuwa ruwa ya taru a tsakani. Ta ce ba a ɗauka, in ci abinci da shi a kwano ɗaya in na ga dama. Ta ce wani lokaci tsufa ne kawai ke kawo shi, wani lokaci kuma akwai maganin da ke tayar da shi a jikin wasu mutane, don haka in kawo mata duk abin da yake sha. Na kwaso komai a leda, har da man zafi. Ta duba ɗaya bayan ɗaya ba ta ga abin zargi ba. Ta juya ta tambayi babanku ko akwai wani abu kuma, ko na gargajiya, ko na wani. Ya ce babu. Ta rubuta ƙwayoyin da za su kwantar da garkuwar da man shafawa, ta gargaɗe mu cewa za su iya tayar da sugansa, a riƙa aunawa.

Ana cikin haka azumin Musulmi ya kama. Babanku bai taɓa tauna goro a waje ba in Alhaji na azumi, saboda haka zaman safe ya tsaya, sai dai su ɗan taɓa hira da yamma baki a bushe. A watan nan jikinsa ya yi kyau ƙwarai. Sababbin bororo suka daina fitowa, tsofaffin suka fara bushewa. Na samo tsofaffin zannuwan atamfa da wanki ya lausasa, na ɗinka masa riguna masu faɗi, na juya ɗinkin waje don kada ya goge shi. Ya sa ɗaya ya fita, Alhaji ya dube shi sama da ƙasa ya ce to, Malam ya fara sa riga a bai-bai, saura a kai shi gidan mahaukata. Har na fara shirin yin godiya a coci. Aka yi Sallah, Hajiya Rabi ta aiko mana da tuwo da miyar taushe, zaman safe ya dawo. Ba a jima ba ciwon ya dawo shi ma, kuma da fushi ya dawo. Wannan karon har tafin hannu da 'yan yatsu, sai da aka naɗe hannuwansa biyu ya zama ko cokali ba ya iya riƙewa.

A nan ka zo, Ɗanladi. Ka zauna a tsakar gida ka yi lissafinka irin na 'yan boko, ka ce ruwa ba ya tsami banza: da Baba ya bar dakali ya samu sauƙi, da ya koma ciwo ya tashi. Ba ka furta sammu ba, tarbiyyarka ba ta bar ka ba, amma ka ce ba a san zuciyar mutum ba, kuma ko kusa kada a sake karɓar goron kowa. Ka ce za ka tafi da shi Abuja ya zauna wurinka gaba ɗaya. Babanku yana kwance a kan tabarma, hannuwa a sama kan matashi. Bai ɗaga murya ba, ka san ba ya yi.

"In za ka ɗauke ni daga dakalin nan," ya ce, "to kada ka wahalar da motarka zuwa Abuja. Maƙabarta ta fi kusa."

Ka yi fushi ka koma washegari. Bari in ba ka haƙƙinka: idonka ya gani daidai, ni da nake gidan ban haɗa abin da ka haɗa ba. Zuciyarka ce ta fassara ba daidai ba.

Dakali wurin maza ne, ni iyakata zaure. Da can babanku da kansa yake fita da kofin kokonsa. Da hannu ya ƙi, sai ya zama dole in kai masa. Wata safiya na ajiye kofin na juya, sai na tuna ban kawo ƙosai ba, na koma na ɗauko. Ina isowa bakin zaure na ga Alhaji ya ciro wani ɗan kwali daga aljihu, ya ɓallo farar ƙwaya, ya ɗora a kan gwiwarsa, ya sa 'yar wuƙar da yake yanke farce ya raba ta biyu. Ya jefa rabi a bakinsa.

"Buɗe baki, Malam, ga naka."

Babanku ya buɗe baki kamar ɗan tsako. Alhaji ya sa masa, ya ɗauki kofin koko ya kafa masa a baki, ya tare haɓarsa da ɗaya hannun don kada ya zuba a riga. Sa'an nan ya ɓare goro. Na tsaya da farantin ƙosai a hannu, wallahi ban taɓa ganin abin da ya ba ni tausayi irin wannan ba. Na ajiye ƙosan na gaishe su na koma ciki.

Da ya shigo na bar shi ya zauna tukuna.

"Malam, me Alhaji ya sa maka a baki?"

"Goro."

"Yaushe aka fara kora goro da koko?"

Ya dubi hannuwansa, sa'an nan ya faɗa mini komai. Watanni kafin ƙaiƙayin ya fara, likitan Alhaji ya canza masa maganin suga zuwa wani sabo. Alhaji ya ji jikinsa ya yi sakayau, ƙafa ta daina nauyi, sai ya zo dakali ya ce shi fa ba zai ji daɗi shi kaɗai ba alhali Malam na jan ƙafa. Tun daga ranar ake raba ƙwayar kamar yadda ake raba goro. A azumi kuwa Alhaji a cikin gida yake shan abinsa da sahur, shi ya sa aka huta. Na ce to don me da likita ta tambaye ka ka ce babu? Ya ce a ranar ko a ransa bai zo ba, shi abin da aka ci a dakali bai taɓa lissafa shi cikin magani ba. Sai bayan Sallah da ciwon ya dawo ne jikinsa ya ba shi. Amma a lokacin kai ka riga ka fara maganganunka, ya ga in ya buɗe baki ya ba ka wuƙar da za ka yanka Alhaji da ita. Sai ya zaɓi ya ci gaba da buɗe baki ana sa masa. Na ce masa Malam, ka yi karatu har ka tsufa a cikin littattafai, amma wautarka ta fi ƙarfin jaki. Ya ce ya sani.

Na leƙa ta katanga na roƙi Hajiya Rabi kwalin maganin Alhaji wanda ya ƙare, na ce ina so in tambaya ko zai dace da Malam. Allah Ya yafe mini wannan. Likita na ganin kwalin ta gyaɗa kai. Ta ce irin wannan maganin an san yana tayar da ciwon nan a jikin mutane kaɗan. Ta ce magani ne mai kyau, yana yi wa jama'a da yawa aiki lafiya lau, jikin babanku ne bai karɓe shi ba. Ba za ta rantse ba, amma a daina yau ɗin nan, kuma kada mu sa ran warkewa cikin mako, abin zai ɗauki watanni. Da na ba ta labarin yadda ake rabawa sai ta dafe kai. Ta ce ke nan shi ma abokin nasa rabin abin da aka rubuta masa yake sha tun tuni, lallai ya koma wurin likitansa.

A hanya cikin keke mai ƙafa uku babanku ya roƙe ni. Bai taɓa roƙona wani abu haka ba. Ya ce kada in gaya wa Alhaji, in ya ji shi ne sanadi ba zai ɗauka ba. Ya ce yana da dabara: zai ce likita ta ce ya riƙa shan magani bayan ya karya sosai, sai Alhaji ya riƙa sa masa rabin a aljihu, in ya shigo in cire. Na yarda, don ni ma tsoron nake ji. Haka aka yi. Kullum ya shigo in sa hannu a aljihun rigarsa in ciro rabin ƙwaya in jefa a wata 'yar tasa a kan taga. Sababbin bororo suka fara raguwa. Babanku yana ta murna wai ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Ni kuwa tasar nan ta hana ni sukuni. Ina taka keke ina kallonta. Kowane rabi a ciki, rabin da Alhaji ya hana kansa ne, ga shi a zube ba ya amfanin kowa. Rannan muna shanya, Hajiya Rabi ta ce mini ta kan katanga Alhaji ya dame ta, ga yawan fitsari, ga ƙishirwa kamar wanda ya yi noma, ga shi yana cewa idonsa na yin hazo. Ta ce ita ta rasa gane kan maganin nan mai tsada da ba ya aiki. Na ƙanƙame igiyar shanya. Gaba damisa, baya siyaki: in yi shiru mu warkar da namu da lafiyar nasu, in yi magana in rushe abin da aka gina tun muna amare.

Na shiga na sami babanku na ce masa zan je.

"In kin je kin raba ni da shi."

"In ban je ba kabari ne zai raba ku, kuma da hannunmu a ciki."

Ya juya fuska bango. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa taka maganarsa da gangan ba sai ranar. Ban yi nadama ba, kuma da za a sake, zan sake.

Bayan la'asar na yafa gyale na ɗauki tasar na shiga gidan Alhaji. Na sa Hajiya Rabi ta kira shi, na durƙusa na gaishe shi, na ajiye tasar a gabansa. Na zaɓi kalmomi masu taushi iya iyawata. Na ce magani ba shi da laifi, shi ma ba shi da laifi, jikin Malam ne ya ƙi. Na ce yanzu shi muke ji wa tsoro, ya koma asibiti ya riƙa shan nasa cikakke. Alhaji ya daɗe yana kallon tasar. Ya cire hula ya ajiye a gwiwa, ya yi salati a hankali.

"Maman Talatu, ke nan duk ƙunar nan da nake kore wa ƙuda, ni nake hura ta kowace safiya?"

Na ce Alhaji, rabin lafiyarka ka yanka ka ba shi, wa ya taɓa yi wa wani haka? Bai ji ni ba. Hawaye na bin gemunsa, ya tashi ya shige ɗaki. Hajiya Rabi ta raka ni zaure tana riƙe da hannuna.

Washegari babanku ya fita dakali ya zauna har rana ta yi zafi, Alhaji bai fito ba. Kwana na biyu ma haka. Ashe ta ƙofar baya yake bi zuwa masallaci. Ya koma asibiti kam, an gyara masa magani, wannan na ji daga Hajiya Rabi. Amma ya ce ba shi da idon da zai kalli Malam. Kai kuma da labari ya iske ka, ka zo ka wuce shi a bakin layi ba ko sallama, kuma ka faɗi abin da ka faɗa a inda za a kai masa. An kai masa. Ka san abin da ya ce? Ya ce yaron ya yi gaskiya, da ubansa aka yi wa haka shi ma abin da zai yi ke nan.

Watannin nan su ne mafi tsawo a aurena. Fatar babanku tana warkewa a hankali, raunuka suna rufewa suna barin baƙaƙen tabo, likita tana rage masa ƙwayoyi kaɗan-kaɗan tana murna. Amma mutumin ƙarewa yake yi. Ya daina kunna rediyo. Tuwo sai ya taɓa ya ture. Tsakanina da shi sai sannu da na gode, kamar baƙon da ya sauka a gidan haya. Babu zagi, babu faɗa, ni kuwa da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na sha zama a gaban keke in kasa taka shi, ina tambayar Ubangiji ko na gyara fata ne na kashe mai fatar.

Wata safiya ina shara sai na ji ya kira ni da sunan da ya daɗe bai kira ni da shi ba. Ya ce in je bakin kasuwa in sayo masa goro guda ɗaya. Mutumin da ya yi shekara da shekaru yana cin goro bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Ni kuma ban san goro ba, ban taɓa ci ba, na nuna wanda ya fi girma aka ba ni. A lokacin an cire bandejin, amma sabuwar fatar yatsunsa siririya ce kamar ta jariri, likita ta hana shi matsa komai da ƙarfi. Ya ɗauki goron ya fita ya ajiye shi a kan dakali, daidai inda Alhaji ke zama. Rana ta yi ya dawo da shi. Washegari ya sake. Da na ga goron ya fara yanƙwanewa na ce ya kawo in yanka masa da wuƙa, ya ce ba aikina ba ne. Sa'an nan ya ce in leƙa katanga in ba Hajiya Rabi saƙo, kuma kada in ƙara ko kalma ɗaya: Malam yana da goro, ba shi da babban yatsa.

Na faɗa mata kamar yadda aka faɗa mini. Washegari na laɓe a zaure, ba na jin kunyar faɗa. Babanku na zaune, goro na gefensa. Can sai ƙofar Alhaji ta yi ƙara. Ya fito ya rame, rigar ta yi masa yawa. Ya tsaya daga nesa yana kallon tabon da ke hannun babanku, babanku kuwa titi yake kallo kamar bai san da mutum ba. Da tsayuwar ta yi tsawo sai Alhaji ya matso ya ɗauki goron ya jujjuya.

"Wa ya sayo maka wannan? An cuce ka, ya sha iska."

"Maman Talatu ce, ba ta san goro ba. Zauna ka ɓare, na gaji da kallonsa."

Ya zauna. Sai da ya gwada ya sake gwadawa kafin goron ya rabu. Ya riƙe ɓari biyun a tafin hannu ya kasa miƙawa. Na ga abin da ke ransa, tsoron hannunsa yake ji. Babanku ya kai yatsunsa masu tabo ya ɗauki babban ya jefa a baki.

"Ka gani ko," in ji Alhaji, "yau ma babban ka ɗauka."

Babanku ya ce daga yau dai magani kowa ya sha nasa. Alhaji ya ce ai ko ruwan randa ya roƙa sai ya kawo takardar likita. Suka yi dariyar da ta koma tari, ni kuma na zauna a ƙasan zaure na rufe baki da gyale. Ranar babanku ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, kuma ya ce miyar ta yi gishiri, a nan na san ya huce da ni.

Ciwon bai sake dawowa ba. Babanku ya ƙara shekaru masu daɗi a kan dakalin nan kafin Ubangiji Ya kira shi, kuma kun san ba fata ce ta ɗauke shi ba. Ranar jana'iza kuna ta hidimar baƙi, ba ku ga Alhaji ba. Ni na gan shi. Yana tsaye a wajen coci a cikin rana da sandarsa, daga farko har aka fito.

Abin da ba ku sani ba, don ba kwa nan da safe, shi ne har yanzu yana fitowa. Ya zauna a gefensa na dakalin, ya bar ɗaya gefen, ya ɓare goronsa. Sa'an nan ya dogara sanda ya zo bakin zaure ya yi sallama, ya ce Maman Talatu, ga na Malam. Kullum babban ɓarin ne. Ni da ban taɓa cin goro ba, yanzu haƙorana sun fara ja. Da ɗaci, har yau ban gane abin da suke ji a cikinsa ba, amma gidan nan ba a mayar da hannun Alhaji, ba kuma a kaina za a fara ba.

Sai dai ni riƙo nake yi, Ɗanladi, ɓarin nan ba na mace ba ne. Alhaji ya tsufa ƙwarai, farcen ma da ƙyar yake shiga goron. In ka zo Kirsimeti, ka ajiye motar nan, ka fito da safe ka zauna a inda babanku yake zama. Ba sai ka ba shi haƙuri da baki ba, ba zai bari ka gama ba ma. Zai ɓare, zai miƙo maka babban, zai ce an cuce shi. Ka karɓa da hannu biyu.